Barira da Igiya Mai Ƙulli Arba'in

Akwai wata mata mai suna Barira, 'yar Hawandawaki, tun zamanin da Nasara bai ci ƙasar Tasawa ba. Tana da shekara bakwai aka yi yunwa. Babanta ya damƙa ta hannun amininsa Sanda, don ya kai ta wurin gwaggonta a Urafan. Sanda ya sayar da ita ga fatake a kan damin gero biyu, ya dawo yana kuka, wai kura ta ɗauke ta a hanya.

Ni dai uwa ce. Duk sa'ad da na zo nan wurin a labarin sai na leƙa ɗaki na ƙirga 'ya'yana.

Daga hannu zuwa hannu har ta kai Lokoja. Can limaman Katolika suka fanshe ta, ta shiga addininsu. Bayan shekara talatin ta biyo ayari ta dawo gida. Iyaye sun rasu, sai ƙanenta Jibo, wanda ta bari a goye.

Ta ce ita ce Barira, amma Jibo bai san ta ba. Ya kai ta gaban Sanda, wanda ya tsufa, kurkunu ya kwantar da shi, ba mai kula da shi sosai. Sanda ya dube ta, ya kau da kai.

"Barira kura ta cinye ta. Wagga ban san ta ba."

Jibo ya ce, "To, baiwar Allah, ki zauna baƙuwa. In ayari ya juyo bayan Sallah, ki bi shi."

A wannan shekarar azumin Musulmi da na Kirista suka kama tare. Barira ba ta da majami'a, ba limami, ba ko mutum ɗaya mai irin addininta. Ta ciro wani busasshen ganyen kwakwa da ta zo da shi a ƙullin zane, ta ƙona, ta shafa tokar a goshi. Ta tufka igiyar kaba, ta yi mata ƙulli arba'in, kullum ta kwance ɗaya, ban da Lahadi.

Zuhura matar Jibo ta gan ta, ta fashe da dariya. "Baƙuwa, murhu kika faɗa?"

"Larabar Toka ce, Zuhura. Tuni ne cewa ƙasa muke, ƙasa za mu koma."

"To ai mu ma mun sani, ba sai mun shafa ba. Kuma azumi da shan ruwa? Wannan ai azumin kaza ne!"

Barira ta yi murmushi. Sau ɗaya take ci a yini, ba ta taɓa nama. An kuma koya mata cewa abin da ka hana bakinka ba naka ba ne, na wanda ya fi kowa yunwa ne. Ta duba garin kaf. Wanda ya fi kowa yunwa, Sanda ne.

Jama'a, ku sa kanku a wurinta. Kalma ɗaya ta bakinsa ce ta hana ta gidan ubanta.

Kullum kafin a sha ruwa sai ta dama rabonta na fura, ta ajiye masa a bakin bukka, ta juya ba ko sallama. Shi kuwa ya ɗauka ya sha. Haka har aka yi Sallah, mutane suka sauke azumi, ita ko da sauran ƙulli a igiyarta.

Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. A Lokoja, in azumi ya zo ƙarshe, mutum kan durƙusa gaban limami ya faɗi zunubinsa. Nan wa za ta faɗa wa? Ranar da ƙulli biyar suka rage, labari ya zo cewa ayari ya sauka Tasawa, jibi zai wuce. Ta ɗauki ƙwarya da hantsi, ta je ta durƙusa gaban Sanda.

"Baba Sanda, gafara na zo nema."

"Ke? Wurina?"

"Shekara talatin ina roƙon Allah ya wulaƙanta ka. Da na zo na tarar da kai kwance, wallahi na ji daɗi. Furar nan ma da ƙiyayya nake kawo ta. Ka yafe mini, kada azumina ya zama yunwa kawai."

"Ba ki ce in faɗa wa Jibo gaskiya ba?"

"Wannan tsakaninka da Allah ne. Ni nawa na zo saukewa."

Ta tashi ta tafi ɗaure kayanta.

Ranar da ayari ya iso, Barira ta fito da ƙunshinta a ka. Sai ga Sanda yana jan gindi a cikin rairayi, ƙafa a kumbure, har gindin gawon da dattawa ke zama.

"Ku tsai da ita! Ba kura ba ce, ni ne kurar. Dami biyu na karɓa. Ku duba bayan kunnenta na hagu, akwai tabon ƙahon akuyar ubanta. Ni na sa mata magani da hannuna."

Zuhura ta ɗaga mata kallabi, ta duba, ta dafe ƙirji. Jibo ya sauke ƙunshin daga kan Barira.

"Yaya," ya ce. Ya sake cewa, "Yaya Barira."

Nan take ya sa a kamo rago. Barira ta share hawaye, ta nuna masa igiya. "Ƙanena, saura ƙulli uku. Sai Lahadi, ranar idinmu."

Zuhura ta ce, "A mai da ragon turke. Wanda ya yi irin wannan azumi, ko na kaza ne, a jira shi."

Ranar Lahadi aka yanka. Da aka zuba wa Barira nata, ta raba biyu, ta nufi bukkar Sanda. Wannan karon da sallama ta shiga.

Darasi: Azumi ba a ciki kaɗai yake ba. Ko wane addini kake bi, in ka hana bakinka abinci ka bar zuciyarka tana cin naman wani, yunwa kawai ka sha. 'Ya'yana, ku fara sauke naku laifin, Allah ya san yadda zai fito da gaskiyarku. Don Allah ku tura wa wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba, tun muna da rai.