Abin da Ajaratu Ta Zuba a Bahon Rini

Akwai wata mata a Zongon Lome mai suna Ajaratu. Ita da maƙwabciyarta Zuhra sana'arsu ɗaya: su rina ƙyallaye da hannu, su harhaɗa, su ɗinka mayafin gado. Sai dai na Zuhra har daga unguwar Adakpame ake zuwa nema, na Ajaratu kuwa sai dai su sha rana a kan igiya.

Abin yana cin Ajaratu a rai. In ta ji ana yabon shuɗin Zuhra, ko abinci ba ya yi mata daɗi. Ita fa ta koya wa yarinyar nan rini.

Abu ɗaya ya rage mata na taƙama: fararen zannuwan saƙi da marigayiya mahaifiyarta ta bari. Suna ƙasan akwati. Kullum cewa take wata rana za ta rina su, ta yi mayafin da zai rufe bakin kowa, amma tsoron ɓata su ya hana ta.

Ran wata Juma'a Zuhra ta jiƙa kaya a bahon rini ta tafi kasuwa. Ajaratu ta leƙa, tsakar gida ba kowa. Ta ɗauko kwalbar jabel, ruwan nan mai cinye launi, ta juye duka a cikin bahon. Ta koma ɗaki, zuciyarta fes.

Da la'asar ta ji salati, ta fito da fuskar jaje. Zuhra na ɗago kayan suna yagewa, don tsohon zare ba ya jure jabel. A gefe ga Ummu Hani, 'yar Ajaratu, tana kuka.

"Ke kuma mene ne naki a ciki?" in ji uwar.

"Maman, zannuwan Kaka ne. Ni na ɗauko a ɓoye. Tanti Zuhra ta ce za ta yi miki mayafin nan kyauta kafin Sallah."

Ajaratu ta durƙusa ta tsoma hannu. Ta gane bakin zanen da aka goya ta da shi. Tana ɗagowa ya rabu biyu.

Zuhra ta riƙo hannunta da hawaye. "Yaya, ki yafe mini. Wallahi ban san inda na yi kuskure ba."

Ajaratu ta kasa ko ɗaga ido ta dube ta.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai hassada kansa yake fara cuta, kuma wanda kake baƙin ciki da shi wataƙila alheri yake shirya maka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.