Cikin da Inna Ta Ƙirga

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, sunanta Rahmatu. Maciji ne ya sari mijinta Badaru a gonar gero, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar ta da 'ya'ya mata uku da tsohuwar mahaifiyarsa, wadda shi kaɗai ne ɗanta namiji.

Rahmatu ta shiga takaba jiki a mace. Ba ta yi kuka ba. In an ce ta ci, ta ci. In an ce ta tashi, ta tashi. 'Yan gaisuwa su zo su tafi, ita dai "amin" take cewa.

Inna, surukarta, ta dawo ɗakinta don taya ta zama. Kun dai san tsohuwa: idonta ba ya ganin kafar allura, amma babu motsin suruka da ke wuce shi. Wata biyu cur ba ta ga Rahmatu ta yi fashin sallah ba.

Wata safiya ta kama hannunta, baki har kunne.

"Ashe Allah bai bar ni haka ba, 'yar nan. Namiji ne, jikina ya ba ni. Sunan ubansa za a mayar masa."

Rahmatu ta san babu komai a cikinta. A haihuwar autarta ta zubar da jini har aka fitar da rai da ita. Da ta warke, Badaru da kansa ya kai ta asibiti aka saka mata robar mahaifa mai sinadari, ta tazarar haihuwa. Ma'aikaciyar ta gaya musu jinin al'ada zai ragu, na wasu ma yakan ɗauke, kuma hakan ba ciwo ba ne, ba ciki ba ne. Nata ya ɗauke. A hanyar gida Badaru ya ce kada Inna ta ji.

Rahmatu ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga tsohuwar tana dariya, karon farko tun ranar jana'iza. Ta ji tausayinta, ta ce a ranta sai gobe.

Goben nan ta yi wata biyu. Inna ta ƙwace mata taɓarya, ta hana ta jan guga, ta bi gidajen maƙwabta tana shelar jika. Rahmatu tana kallo kamar da wata ake.

Ranar da takaba ta cika wata huɗu da kwana goma, maƙwabciyarsu Hafsatu ta shigo da mata, da lalle da sabon zani, za a yi wankan fita. Inna ta tare ƙofa.

"Ina za ku? Mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu."

Wannan karon Rahmatu ta ga shiru ba zai yiwu ba. Ta roƙi matan su jira a zaure, ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ba ni da ciki. Roba ce aka saka mini a asibiti, ita ta ɗauke jinin."

Inna ta tambaye ta:

"Badaru ya sani?"

"Shi ya kai ni. Ya ce gara yaran nan da uwarsu a raye."

"Ya yi daidai," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni na wanke zannuwanki ranar da kika haifi auta, na ga abin da na gani. Robar ba ta dame ni ba. Amma ke, wata biyu kina kallona ina murna?"

"Tausayinki na ji, Inna."

"Da kin faɗa mini ranar nan, sau ɗaya zan rasa ɗana. Yau kin sa na rasa shi sau biyu."

Ta miƙe da kyar, ta leƙa zaure ta ce, "Hafsatu, ku shigo ku yi mata wanka."

Darasi: Ba kowane shiru ne tausayi ba. Gaskiyar da ka jinkirta don kada ta yi zafi, zafinta ninkuwa yake yi. Sannan ɗaukewar al'ada ga mai irin wannan roba ba lalle ciki ba ne, a tambayi ma'aikatan lafiya kafin a yanke hukunci. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai "sai gobe" a cikinsu.