Motar da Ba Ta Iya Tafiya a Hankali

Akwai wani mutum a wani gari, autan uwarsa, wanda Allah ya buɗa masa har ya sayi mota mai turbo. Turbo ɗin nan wani abu ne da yake matsa iska ya tura ta cikin inji, don mota ta ƙara ƙarfi. Motar lafiyayyiya ce, ba hayaƙi, ba shan mai. Aibinta ɗaya ne a wurin mai ita: ba ta da surutu. Sai ya shigo unguwa ya ajiye ta maƙwabta ba su san ya dawo ba, abin kuwa yana cinsa a rai.

Wata rana a wurin wankin mota ya ga wani ya taho a guje. Da ya ɗaga ƙafa daga totur sai motarsa ta yi "fushsh!" kamar an buɗe kwalbar lemo. Kowa ya waiwaya, har mai gasa masara. Mutumin namu ya yi tambaya, aka ce masa ai wani bawul ne na fitar da iska ake sayarwa a kasuwa, a cire na kamfani a ɗaura shi. Kafin la'asar ya sayo nasa, ya kai wa bakanikensa, Malam Kefas.

Malam Kefas ya juya abin a hannu, ya ce, "Oga, duk sanda ka ɗaga ƙafa, iskar da ta rage sai ta nemi hanya. Na kamfani ciki yake mayar da ita, shi ya sa ba ka jin komai. Wannan kuwa waje yake zubarwa. Ita kuma ƙwaƙwalwar motar ta riga ta auna iskar tun a bakin ƙofa, ta zuba mai daidai da ita. Mai zai zo, iska ba ta nan. Injin ya shaƙe, ya mutu. Ni dai ba da hannuna ba."

Mutumin ya ce a ransa, "Tsufa ne ke damun Kefas." Ya wuce wani gareji inda ba a yawan tambaya, aka ɗaura masa.

Ya kuwa sami abin da yake so. In ya wuce, yara su bi shi da ihu, manya su ɗaga kai. Har zagaye yake ƙarawa ta bakin kasuwa ba tare da yana da abin saye ba. Amma ba a yi mako ba motar ta fara mutuwa a mararraba, daidai lokacin da ya rage gudu zai tsaya. Ya ce man gidan mai ne ba kyau, ya canja gidan mai. Ya ce batir ne, ya canja batir. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da yake a kan babban titi motar tana tashi kamar ba gobe, sai ya kwantar da hankalinsa cewa lafiyarta ƙalau.

Ana nan cikin damina sai ƙanen uwarsa, Kawu Gayus, ya rasu a asibiti. Shi da uwar su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ita ce ma ta goya shi, ga shi kuma ba ta kusa sa'ad da ya cika. A ƙauyensu akan buɗe akwatin gawa sau ɗaya a ƙofar gida, dangi su ga fuska, sa'an nan a wuce kabari. Abin da tsohuwar take so ke nan, ta ga fuskar ƙanenta.

Ranar jana'iza matan zumuntar coci suka ce ta shigo bas ɗinsu. Ɗanta ya ce, "Haba! Ina da mota uwata ta shiga bas? Mama, zo nan gaba." Ta shiga, ta ce, "To, Auta, ka dai kai ni."

Tafiyar rakiyar gawa ba ta gudu ba ce. Motar gawa tana gaba, saura na biye, hanya duk ramuka. A taka kaɗan, a ɗaga ƙafa, a tsaya, a sake takawa. Abin da motarsa ba ta iya ba ke nan. In aka ba shi rata ya taka don ya cim musu, da ya ɗaga ƙafa sai "fushsh!" a tsakiyar waƙar makoki, sai injin ya yi shiru. Ƙarar da yake taƙama da ita jiya, yau ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ba na baya hannu su wuce, yana murmushin dole, yana cewa, "Ku je, ga mu nan." Kunya ta hana shi cewa a ɗauki tsohuwar.

A karo na shida, kusa da wata gada, motar ta mutu ta ƙi tashi, domin mai ya riga ya jiƙa filogin da ke ba inji wuta. Waya ba sabis. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas. A ƙauye aka jira, aka jira, da aka ga ruwa zai cika kabarin sai dattawa suka ce a yi abin da ya kamata.

Da ƙyar ya sami mai babur ya ɗora tsohuwar, shi ma ya hau wani. Suka isa a jiƙe sharkaf, suka tarar an rufe kabari, mutane suna komawa gida. Tsohuwar ta daɗe a tsaye a kan jar ƙasar. Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai, "Auta, ni ban ce ka kai ni da ƙara ba. Cewa na yi ka kai ni."

Ma'anar wannan misali ita ce: motar nan ni ce, kai ne, ke ce. Iskar kuwa ita ce alherin da Allah yake ba mu, wato addu'a, da azumi, da bayarwa, da muryar waƙa, da sanin Maganarsa. Ya shirya su domin su koma ciki su ƙarfafa zuciya, a ɓoye, inda shi kaɗai yake gani. Amma shirun nan yana damunmu. Ka yi azumin kwana uku, kafin ka sha ruwa rabin ikilisiya ta sani. Kin taimaki gwauruwa, hoton ya riga abincin isa. Mutane za su waiwaya kam, amma iyakar ladan ke nan, ya fita waje ya bi iska. Mafi muni, zuciya tana ɗauka har yanzu ƙarfin yana ciki, alhali babu.

Ba kuwa za ka gane ba a ranar babban taro, sa'ad da ganga ke tashi kowa yana kallonka. Ranar tafiya a hankali ce take tona asiri: jinyar da ta ƙi ƙarewa, haƙuri da miji ko mata, zama kusa da mai makoki inda ba abin faɗa. A nan ne mai bangaskiyar nunawa yakan tsaya cik.

Ku kuma lura, mutumin bai rasa motarsa ba. Washegari Malam Kefas ya gyara ta cikin awa guda. Wadda ta yi hasara ita ce wadda ta amince ta shiga. Kowannenmu yana ɗauke da wani: 'ya'yanka, matarka, sabon tuban da yake kallon ƙafarka. Saboda haka a makon nan ka yi alheri guda ɗaya wanda ba mai ji sai Allah, ka rufe bakinka a kansa. Wanda yake zaune a gefenka bai roƙe ka ka burge gari ba, so yake ka kai shi.