Mujiyar da Ba a Kafe a Ƙofar Rumbu Ba

Malaminmu, Allah Ya haskaka makwancinsa, masani ne mai tsantseni da zuhudu, wanda ya karantar da ƙauyenmu na tsakiyar daji bai taɓa ɗaga murya ba. Ni ban zauna a aji ba, a bakin tagarsa na tsinci haruffa, kuma ba na yabon mutum don kunya.

Shekarar da ɓeraye suka yi mana yawa, sha'irin da muka ware na iri yana cikin rumbu, in ya tafi ba mu da abin shukawa bayan narkewar ƙanƙara. Sai mijina Vihtori ya kamo 'yar mujiyar nan da ba ta fi dunƙulen hannu ba, mai farauta da sassafe da yammaci, zai kafe ta da ƙusa a ƙofar rumbu, yadda kakanninmu ke yi don korar tsiya.

Na ce, "Ɓeraye sun fi ƙarfinka, za ka huce a kan tsuntsuwa?"

"Hilja, rufe mana baki, miƙo guduma."

Malam yana wucewa, ya tsaya, ya miƙa hannunsa mai albarka. Mujiyar da ta yayyage wa mijina yatsu ta taka a hankali ta zauna a kan na Malam. Ya ce, "Vihtori, ita ma tanadin sanyi take yi. Bar mata busasshen itacen nan mai kogo, kada ka sare shi." Ya yi gajeriyar addu'a, ta tashi.

Maƙwabcinmu Aukusti ya kafe tasa mujiyar, kullum yana mana tsiya a kan tamu: "A gaida sabuwar mai gadi!"

Da ƙanƙara ta narke ya buɗe rumbunsa, ƙaiƙayi da kashin ɓera kawai ya tarar. Namu ko tsaba ba a taɓa ba. Aka ce aikin mujiyar ne, amma ni ba na karɓar ji-ta-ji-ta. Na jingina tsani a itacen, na zura hannu cikin kogon, na ji matattun ɓeraye jere kan juna har gwiwar hannuna, ita kuma tana kan reshe tana hararata.

Na je na gaya wa Malam, ina jiran ya yi mamaki. Abin da ya ce kawai: "Ku ɗebar wa Aukusti iri."

Raina bai so ba, amma na ɗeba, na cika masa buhu.

Allah Ya ƙara wa wannan bawa nasa yarda, Ya ba mu albarkacinsa, Ya tausasa zukatanmu yadda Ya tausasa tasa. Amin.