Duniyar da Ba Ta Juya Fuska

An ce a garin Kurmin Dabo an yi wani sarki, Barau, mai 'ya'ya maza biyu. Jatau ɗan lele ne, in ya yi tari sai a nemo zuma. Tanimu kuwa ko gaisuwarsa da ka ake amsawa. Da damina ta kawo kai, sarki ya ƙudura ba Jatau fadamar da ta rage, wadda Tanimu ya daɗe da sa rai a kanta.

Ran nan Shamuwa, aminiyar sarki, ta dawo daga cin rani, ta ji zancen. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba ka tsarabar tafiya?" Ya ce, "Kawo, uwar yawo."

Ta ce, "Na yada zango kan rufin masu nazarin taurari. Wata masaniya, Kuluwa, ta gano wata duniya mai nisan da haske ma sai ya shekara arba'in a hanya. Ba ta gan ta da ido ba, dusashewar tauraruwarta, wato ranarta, take aunawa duk sanda duniyar ta gifta ta gabanta. Aka kira mai zane ya zana duniyar, ya cika takarda da ƙoramu da dabino. Kuluwa ta ce, 'Goge, Malam. Duniyar nan fuska ɗaya take nuna wa ranarta har abada. Gefe guda dutse narkewa yake, ɗayan duhu ne da ƙanƙara.' Ya ce, 'To, in mai da lambun gefen haske, can 'yan gata suke.' Ta ce, 'Ashe ba ka ji labarin Ladi mai waina ba?' Ya ce, 'Yaya aka yi?'

"Ta ce, 'Ladi ta zuba ƙullu a tanda, ta ga ya tashi fari tas, ta ce ba za ta juya ba kada kyan ya ɓaci. Da ta kwashe, mai saye ya duba ya ce, Ladi, wanne zan ci, gawayin ko ƙullun? To, Malam, a duniyar can ma babu gefen da ya tsira.'"

Shamuwa ta ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gata ya ƙone Jatau, ko fartanya bai iya riƙewa ba. Tanimu kuma sanyi ya ci shi."

Kunya ta rufe sarki. Ya ce, "Kin yi gaskiya, na zalunci duka biyun. A kira mini Tanimu."

Dogari ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai tun da kaka ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Ya zo sallama kana hira da Jatau, ka ɗaga masa hannu."