Yaya Zan-Mayar da Akwatin Ko-ta-kwana

Ina da wa guda ɗaya, bakanike ne, kuma duk danginmu Zan-Mayar muke ce masa. Ba mugu ba ne, wallahi. Hannunsa a buɗe yake, ga son mutane. Aibinsa ɗaya ne tak: ba ya iya ganin abu a ajiye ya ƙyale shi. Da ya ɗauka sai ya ce, "Aro na yi, zan mayar." Ni dai tun ina ƙarama ban taɓa ganin abin da ya mayar ba.

Sai Allah ya haɗa shi da mace mai tattali. Anti, kamar yadda nake kiranta, ba ta yar da kwalba, ba ta yar da jarka. Guntayen sabulu tara su take ta dunƙule, tsohon zane kuma sai ya yi aikin tsumma kafin ya bar gidan. A saman kabad ɗin falo ta ajiye wani akwatin ƙarfe da take kira akwatin ko-ta-kwana. A ciki akwai tocila da batir, kyandir, ashana a cikin kwalba don kada ta jiƙe, tamfol, igiya da ɗan busasshen abinci. Mafi muhimmanci, akwai maganin shaƙa na Inna.

Inna mahaifiyarmu ce. A gidan Yaya take zaune, a ɗakin ƙurya, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Tana da asma, kuma da sanyi ya buge ta sai numfashi ya sarƙe. Shi ya sa Anti take ajiye magani biyu, ɗaya a gefen filon Inna, ɗaya a akwati.

Yaya kuwa abin dariya ya mayar da akwatin.

"Hajiya Tanadi," in ji shi, "yaƙi za a yi ne ba mu da labari?"

"Ba yaƙi ba ne, Baban yara, damina ce ke tafe," ta ce. "Don Allah dai kada ka taɓa min shi."

"Ni? Me zan yi da tarkacenki?"

Da batir ya fara, wai rediyon gareji ya mutu. Sai igiya, zai jawo wata mota da ta lalace a hanya. Tamfol ya bi baya, ya rufe injin da ya kwance. Wata rana wani abokin aikinsa ya zo a ruɗe, asmar matarsa ta tashi. Yaya ya shigo gida da sauri ya ɗauki maganin akwati ya ba shi. Wannan kam taimako ne, ba wanda zai ga laifinsa. Laifin shi ne da ya ce zai biya kemis ya sayo wani, bai biya ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Ranar da abin ya faru ina gidan, na zo duba Inna. Da yamma hadari ya haɗu, gari ya yi baƙi ƙirin. Anti ta ɗauki lema ta fita ɗauko yara daga makaranta. Yaya ya shigo kenan iska ta taso. Ban taɓa jin irinta ba. Wuta ta ɗauke, sai muka ji ƙara a ɗakin Inna. Falle ɗaya na kwanon rufi ya tashi, ruwa na zuba ta ƙafar gado.

Muka ja gadon gefe, muka lulluɓe ta, amma sanyi ya riga ya shige ta. Ƙirjinta ya fara shewa. Na ɗauki maganin gefen filo na girgiza na fesa mata. Sau ɗaya ya fita, na biyu babu komai.

"Yaya, ya ƙare! Ɗauko na akwati!"

Bai motsa ba.

"Yaya, akwati na ce!"

Ya je ya sauko da shi, don dai kada a ce bai je ba. Na buɗe. Tocila ce ba batir, sai kyandir da kwalbar ashana da ɗan busasshen abincin. Na ɗaga kai na dube shi.

"Na bayar," ya ce. "Na ce zan mayar."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma babu lokacin faɗa. Inna ta kasa magana, idanunta sun fito, sai nuna ƙasa take da hannu. Na ɗauka ƙafafunta ne suka jiƙe, na shiga goge mata su. Ta fizge hannuna ta sake nuna ƙasa, ni kuma na kasa gane abin da take nufi.

Yaya ya leƙa waje. Layinmu ya zama kogi, kwalbatin da ake bi zuwa kemis ya nutse, ruwa na tafiya da bokitai da katakai. Duk da haka ya naɗe wando.

"Ina za ka? Ruwan nan zai tafi da kai!"

"Gara ya tafi da ni," ya ce. Babban mutum, sai ga hawaye. "Ni na yi mata wannan."

Ya kama ƙofa kenan Anti ta turo ta, jiƙe sharkaf. Ta bar yaran a gidan maƙwabta da ke kan tudu, ita kuma ta bi jikin katanga ta iso, don ta san abin da sanyi yake yi wa Inna. Ta dubi akwatin a buɗe, ta dubi mijinta. Nan take ta ce masa:

"Durƙusa ka jawo abin da ke ƙarƙashin gadon Inna. Yi sauri!"

Ya durƙusa ya jawo wata tsohuwar jaka. A sama-sama ga maganin shaƙa, sabo fil, a kwalinsa. Anti ta tallafi kan Inna ta fesa mata, ta jira, ta sake fesawa. A hankali shewar ta ragu, kafaɗunta suka sauka, ta ja numfashi mai tsawo. Alhamdulillahi! Na zauna a ƙasa cikin ruwan ina dariya ina kuka.

A jakar akwai batir, akwai igiya, har da wani tamfol da Anti ta haɗa da tsofaffin buhuna. Da iska ta lafa Yaya ya hau sama ya rufe ramin ya ɗaure tam. Anti ta dafa shayi, aka ɗauko yara, ɗaki ya yi ɗumi.

Sai da ya sauko ya tambaya, kansa a ƙasa. "Tun yaushe jakar nan take nan?"

"Tun ranar igiya," in ji Anti. "Na bar maka akwatin ne ka riƙa samun abin ɗauka, kada ka je neman wani wuri."

"To me ya sa ƙarƙashin gadon Inna?"

Inna ce ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa, tana murmushi. "Ni na ba ta shawara. Na ce ta kawo nan, ba za ka taɓa gani ba. Ai kai daga bakin ƙofa kake gaishe ni ka wuce gareji."

Ni na fashe da dariya. Yaya bai yi ba. Ya zauna a bakin gadon ya riƙe hannunta, bai tashi ba har ta yi barci. Washegari ya je kemis ya sayo maganin, ya kuma kwaso tamfol da igiya daga gareji ya mayar. Na farko kenan da na gani da idona. Yanzu kullum kafin ya fita sai ya shiga ɗakin ya zauna, shi ne ma yake girgiza maganin ya ji ko da saura.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da aka ajiye don ranar tsanani ba rara ba ne, yana da ranarsa. Idan larura ta sa ka taɓa shi, ka faɗa wa mutanen gida, ka kuma mayar a ranar, tun gari na da haske. Kada ka raina mai tattali a gidanku, domin tarkacen da kake wa dariya yana iya zama numfashin mahaifiyarka. Mu Allah ya rufa mana asiri da jakar ƙarƙashin gado, amma ba kowane gida ne yake da ita ba.