Wanda Zai Buga Ƙarfen Sabuwar Shekara

Ku gyara zama, labarin nan ba ya son gaggawa.

A wani ƙauye na masu bin Almasihu da ake kira Tudun Marke, akwai tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen marke a ƙofar majami'a. Shi ne ƙararrawarsu. Ranar Lahadi duk wanda ya riga zuwa shi ke bugawa, amma bugun safiyar sabuwar shekara daban yake. Dattawan ikilisiya ke zaɓen mutum ɗaya, ya buga sau goma sha biyu, bugu ɗaya don kowane wata, sannan jama'a su shiga sujada. Shekara ashirin da biyu a jere Dagaci Ishaku ake zaɓa, har sandar ƙarfen da ake bugun da ita ta koma kwana a ɗakinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, dattawa suka zaɓi Habila. Shi wannan Habila abokin Ishaku ne tun suna kiwon awaki, amma ya daɗe da barin majami'a ya koma zaman gidan burkutu, sai a bikin Ista da ya wuce ya dawo ya tuba. Akwai kuma abin da Ishaku kaɗai ya sani. Shekara goma sha biyar da suka wuce rufin ciyawa na tsohuwar majami'a ya ƙone, kowa ya ɗauka wutar daji ce. Ishaku kuwa da idonsa ya ga Habila a buge ya jefar da guntun taba a gindin dangar majami'ar, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Ranar ƙarshe ta Disamba da la'asar, Ishaku ya shiga wurin Gwaggo Rifkatu, yayar mahaifinsa wadda ta rene shi. Ya same ta a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, mai gari. Wannan fuskar a wurin wa ka aro ta? Ka mayar masa da abarsa kafin gobe."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata abin da ke cinsa, cewa shi da bai taɓa fashin sujada ba an ture shi, an ɗauko wanda warin burkutu bai gama fita daga rigarsa ba. Ya ce gobe in an zo lokacin ba da shaida zai miƙe ya faɗa wa jama'a wanda ya ƙone musu majami'a, su san hannun da ya buɗe musu shekara. Gwaggo ta tambaye shi ko yana tsammanin Habila zai sake taka ƙofar majami'a bayan haka. Ya ce wannan ba ruwansa.

Ta tura masa kwandon gyaɗa ta ce, "Taya ni ɓara. Ina jin tsoro kada ka gama yadda Dogara mai rumbu ya gama." Ishaku ya ce bai san labarin ba. Ta ce to, ga yadda aka yi.

An yi wani manomi mai suna Dogara, wanda ba a taɓa ganin tsaga a jikin rumbunsa ba. A wata shekara ya yi noman dawa da aka daɗe ana maganarsa, sai ya bar sauran dawar wannan shekarar a gindin rumbu don tunawa. Mutane kan share rumbu tas, su yaɓe shi, su turara shi da hayaƙi kafin su zuba sabon hatsi. Dogara kuwa ba ya yarda tsintsiya ta taɓa tsohuwar dawar nan, a kanta yake zuba sabuwa.

Maƙwabcinsa Tanimu rago ne, har rumbunsa ya rushe yana kallo. Amma wata damina ya farga, ya kama fartanya da gaske, ya samu hatsi ba shi da wurin zubawa. Sai mutanen gari suka yi masa gayya. Maza suka kwaɓa laka, mata suka dama kunu, ana kiɗa ana dariya, suka gina masa sabon rumbu suka ɗora masa jinka. Dogara yana tsaye a ƙofar gidansa yana kallo. Ya ce a ransa, shi da ya shekara talatin yana kula da nasa, wa ya taɓa kawo masa ko kwando ɗaya na laka?

Ranar kasuwa, da gari ya yi shiru, ya shiga rumbunsa ya tona har ƙasa, ya ciko ƙwarya da tsohuwar dawar, wadda ƙwari suka cika har tana motsi. Ya nufi rumbun Tanimu don ya juye ta a ciki. Yana ɗaga jinka sai wani ƙadangare mai jan kai da ke shan hantsi a wurin ya ce masa, "Sannu da aiki, Dogara. Kafin ka juye, bari in gaya maka abin da ya faru da tunkiyar da ta yi kishin ƙararrawa." Dogara ya tsaya da ƙwarya a hannu, ƙadangare ya gyaɗa kai ya fara.

Wani makiyayi yana da tunkiya wadda ba ta taɓa nisa da shi ba, inda ya ɗaga ƙafa nan take sa tata. Yana kuma da wani rago mai yawon banza, wanda kullum sai an nemo shi. Da lokacin tashi zuwa sabuwar makiyaya ya yi, makiyayi ya sayo ƙararrawa guda ɗaya ya ɗaura a wuyan ragon. Duk inda ragon ya gifta sai tumaki su juya suna kallonsa. Abin ya tsaya wa tunkiyar a rai, ciyawa ma ta daina yi mata daɗi. Wata rana da tsakar rana ana hutawa a inuwa, ta matso kamar za ta lashe masa wuya, ta tauna igiyar har ƙararrawa ta faɗi cikin ciyawa.

Washegari rago ya ɓace, babu ƙarar da za a bi. Makiyayi ya tara sauran tumaki a cikin shingen ƙaya ya tafi nema. Kwana biyu babu mai kai su ruwa. Nonon tunkiyar ya ƙafe, ɗanta ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. A rana ta uku makiyayi ya dawo da ragon a kafaɗa, ƙafafunsa duk jini. Ya tsinci ƙararrawar, ya ga sawun haƙori a igiya, ya gane. Bai doke ta ba. Ya shayar da ita da ɗanta tukuna, sannan ya ce mata, "Ke ina jin numfashinki a bayan gwiwata tun safe har yamma, me zan yi da ƙararrawa a wuyanki? Shi na ɗaura wa don in san inda yake."

Ƙadangare ya ce, "Rumbun nan da aka gina wa Tanimu ba ladan ƙwazo ba ne, an gina ne don kada ya koma inda ya fito. Sannan ka dubi ƙwaryar da ke hannunka da kyau. Ƙwarin nan, a rumbun wa suka girma?"

Kunya ta kama Dogara. Ya mayar da jinka ya koma gida, ya juye ƙwaryar a cikin rumbunsa ya rufe, yana ganin ya kyauta tunda bai cuci kowa ba. Kafin damina ta faɗi ya buɗe rumbu ya tarar da hatsinsa duk ya zama gari, tsoho da sabo. Tanimu ne ya ciyar da gidansa har kaka.

Gwaggo Rifkatu ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta ta ce nan labarin ya tsaya.

Ishaku ya daɗe yana juya gyaɗa ɗaya a hannu. Can ya ce ya ji, gobe zai yi shiru, ba zai faɗi kome ba.

Ta ce, "Ai Dogara ma bai juye ba."

Sannan ta yi masa magana a hankali, yadda take yi masa tun yana ƙarami. Ta ce shirun da ya yi na shekara goma sha biyar ba rufin asiri ba ne, ajiya ce ya yi, yana jiran ranar da za ta yi masa amfani. Ta tambaye shi dalilin da yake tsammani ya sa ake buga ƙarfe, tunda gobe ma rana za ta fito daga inda ta saba, awaki su yi kukan da suka yi yau. "Abin da ya sa shekara take sabuwa," in ji ta, "shi ne Ubangiji Yesu ya yarda ya share mu tas kafin ya zuba mana waɗansu kwanakin. Habila ya kai nasa rumbun an share. Kai kuwa ka kwashe sharar tasa ka adana a gindin naka, kana so a zuba maka sabuwar shekara a kai."

Ishaku ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Amma Gwaggo, shekara ashirin da biyu fa."

Ta ce, "Na ji duka ashirin da biyun, ko ɗaya ba ka kuskure ba. Ni ma shekarata sittin ina share majami'ar nan, ka taɓa ganin an miƙo mini sandar? Inda nake an sani. Kai ma an san inda kake, ɗana."

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗora hannu a kansa duk da hular sarautar, suka yi addu'a gajeriya. Da ya tashi sai ya wuce ɗakinsa ya ɗauko sandar ƙarfe, ya nufi gidan Habila tun rana ba ta faɗi ba.

Ya same shi zaune a bakin zaure. Habila ya miƙe ya karɓi sandar da hannu biyu. Habila ya ce tun da aka zaɓe shi bai samu sukuni ba. Ya ce ya yanke shawara gobe bayan bugu zai gaya wa jama'a maganar rufin da ya ƙone, don ba zai iya shiga shekara da ita ba, sai dai yana tsoron idon mutane.

Ishaku ya ce, "In ka miƙe zan miƙe tare da kai. Da idona na gan ka ranar, ni ma ina da abin faɗa a kan abin da na yi da maganar." Sannan ya nuna masa inda ake riƙe sandar, da gefen ƙarfen da ya fi amo.

Da gari ya waye Ishaku ya biya ya ɗauki Gwaggo, yana riƙe da hannunta suna tafiya a hankali. Suna wajen rijiya, nesa da majami'a, amon ƙarfe ya tashi. Bugun farko ya fito a karkace, na biyu ya yi saurin bin sa. Ishaku ya tsaya cik. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a gindin marke, kunnensa cike da ƙara, bai taɓa jin yadda amon yake ratsa gonaki ya dawo daga dutse ba.

Gwaggo ta tambaye shi ko yana ƙirga kurakuran abokinsa ne. Ya ce a'a, bai san haka ƙarfen yake da daɗi ba. Ta ja hannunsa ta ce to ya ɗaga ƙafa, kada Habila ya miƙe shi kaɗai.